Darasi: Cin Rani da Rumbun Gida

Wani saurayi a ƙauyenmu ya yi aure da kaka. A watan Janairu ya sayar da dami 10 na dawa, ya tafi Kano cin rani. Kuɗin leburanci ya ƙare a haya da kallon fim ɗin Indiya kowane dare. Amarya kuwa ba ta san abin da ya rage ba, gama a wurinmu mace ba ta leƙa rumbun miji. A watan Agusta suka sayi dawa da tsada, rigima ta tashi.

Ni ban ga laifin tafiyar ba, sai dai ba su yi lissafi tare ba. Maigida, kafin ka tashi, ku zauna ku biyu. Tiya nawa kuke ci a mako? Mako nawa ya rage kafin gero ya nuna?