Ɗan Riƙo Ma Yana da Uwa

Ɗiyata, na ji kin yi niyyar ɗaukar maraya ki riƙe. Allah Ya yi miki albarka. Ɗa na kowa ne, kuma a ƙasarmu ta Sakaba marayu sun yi yawa. A watan Maris na 2022 'yan bindiga sun kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a wannan yanki, aka bar mata da ƙananan yara. Don haka abin da kike shirin yi aikin lada ne.

Sai dai ki tuna, yaron nan uwarsa tana raye. Ba don ba ta son sa za ta ba ki shi ba. Rashi ne ya sa, da tsoron kada ya kwana da yunwa. Wata rana za ta zo cin kasuwa Dirin Daji ta biyo ta gidanki, da ɗan ƙullin ƙuli-ƙuli a bakin zane. Za ta zauna gefen tabarma, kunya ta hana ta tambayar inda yake, idonta kuwa yana kan ƙofa. Kada ki jira ta tambaya. Ki kira shi, ki ce ya gaishe da innarsa, sannan ki ba su wuri. Ba abin da zai ragu a matsayinki.

Kada kuma ki sauya masa sunan uba. Zaidu bin Harisa ya tashi a hannun Manzon Allah (SAW), har mutane suna jingina shi gare shi, sai aya ta sauka a Suratul Ahzabi cewa a kira 'ya'yan riƙo da sunan ubanninsu. Wasu suna ɓoye wa yaro asalinsa, wai don tausayi. To, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da faɗa ya haɗa shi da wani a bakin rijiya za a goranta masa, ko kuma ya ji ranar rabon gado, kuma zafin wannan ya fi na maraicin. Ki gaya masa da bakinki tun yana ƙarami, a hankali.

Maganar gado kuwa, ɗan riƙo ba ya gadon mai riƙonsa. Amma shari'a ta bar ƙofar wasiyya, har kashi ɗaya cikin uku na dukiya, ga kuma kyauta tun kuna raye. Ki zauna da maigidanki ku tsara wannan a gaban shaidu. In mahaifinsa ya bar gona ko akuya, amana ce, a damƙa masa in ya yi hankali.

Sauran yana wajen rabon tuwo, ɗiyata. Yaro yana lura da kwanon da aka saka wa nama, da wanda ake tasa da asuba ɗebo ruwa alhali sauran suna barci. Na san ba za ki yi da gangan ba, gajiya ce kan jawo. In kin ɗinka wa naki kayan Sallah, ki ɗinka masa iri ɗaya, kuma ki aika shi ya je ya nuna wa innarsa.