Darasin Kimiyya: Yadda Ake Awon Wayar Fiba da Sa Ido a Kanta

Manufar darasi

Ɗalibai, a ƙarshen wannan darasi ana so kowannenku ya iya bayyana yadda ake gane lafiyar wayar fiba, ya kuma iya lissafa inda ta yanke ba tare da an tone ƙasa ba.

1. Abin da ya shafe mu

Nijar ba ta da gaɓar teku. Mafi yawan intanet ɗin da muke amfani da shi a Dakusa da birnin Damagaram yana shigowa ne ta wayoyin da aka binne daga ƙasashen maƙwabta. Aikin wayar fiba mai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa wa, ya ƙunshi kilomita 1,031 a cikin Nijar, kuma reshe guda ya tashi daga Damagaram ya bi ta Magarya zuwa iyakar Najeriya. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a yawancin Afirka ta Yamma. Idan waya ta tsinke, aika kuɗi da aikin banki da na asibiti duk suna iya samun cikas.

2. Mece ce fiba?

Zaren gilashi ne mai kaurin maikromita 125, kusan kaurin gashin kai. A tsakiyarsa akwai cibiya mai faɗin maikromita 9, ta nan hasken leza yake bi ɗauke da saƙo. Hasken yana raguwa a tafiya, kuma ana auna raguwar da desibel. Ku riƙe wannan: asarar desibel 3 tana nufin rabin hasken ya tafi. Zare mai lafiya yana asarar kusan desibel 0.35 a kowace kilomita da hasken nanomita 1310, da kusan 0.2 da hasken nanomita 1550.

3. Matakan awo

Na farko, dubawa da gogewa. Ƙwayar ƙura ɗaya tana iya toshe cibiyar zare. A ƙasarmu ta hunturu wannan ba ƙaramar matsala ba ce, shi ya sa ma'aikaci yake duba bakin zare da madubin ƙara girma, ya goge, ya sake dubawa kafin ya jona.

Na biyu, jar fitila. Ana tura jan haske mai nanomita 650, wanda ido ke gani. Inda zare ya karye ko ya lanƙwashe sosai, jan zai ɓullo. Amfaninta a gajeren zango ne.

Na uku, awon asara. Mutum ɗaya yana tura haske daga wannan baki, ɗaya yana auna abin da ya iso a wancan. Sai a gwada da lissafi. A ce layi mai kilomita 30 ne, da gami 7 (inda aka haɗe zare biyu) da majona 2 (inda ake jonawa a cire), ana awo da hasken nanomita 1550, kuma kowane gami yana asarar desibel 0.1, kowane majoni 0.5. Zare: 30 × 0.2 = 6. Gami: 7 × 0.1 = 0.7. Majona: 2 × 0.5 = 1. Jimla desibel 7.7. Idan na'ura ta nuna 12, akwai cuta a hanya, amma wannan awo bai faɗi inda take ba.

Na huɗu, na'urar OTDR, ita ce mai faɗin wurin. Wanda ya yi kira cikin rijiya mai zurfi yakan ji muryarsa ta dawo, kuma jinkirin dawowar yana nuna zurfin. OTDR tana harba ɗan guntun haske, ta saurari abin da ya dawo. Gilashin kansa yana maido da haske kaɗan-kaɗan a duk tsawonsa, kuma inda gilashi ya haɗu da iska a yankakken baki mai santsi, kusan kashi 4 cikin 100 yana komowa. A allon na'ura za a ga layi yana gangarowa a hankali. Ƙaramin tsani alamar gami ne ko lanƙwasa, tsini alamar majoni ne, faɗuwa gaba ɗaya kuwa ƙarshen zare ne ko karaya.

4. Lissafin nisa

Haske yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin gilashi. Idan ya dawo bayan daƙiƙa 0.0003, ya yi kilomita 60 ke nan. Tunda zuwa da dawowa ne, sai a raba biyu: karayar tana kilomita 30. Amma a lura, waya ta fi hanya tsawo, domin ana barin rarar nadi a ramukan gami. Dole a haɗa awon da taswirar layi kafin a kama diga.

5. Sa ido

Awon da aka yi ranar karɓar aiki shi ne ma'auni, kuma wajibi ne a adana shi. Na'urar sa ido tana maimaita awo dare da rana a kan zaren da ba a amfani da shi, ko da hasken nanomita 1625 ko 1650 wanda ba ya damun saƙonni. Da zarar sabon layi ya saɓa da na asali, sai ta sanar da ma'aikata. Ƙorama takan zaizaye ƙasa da damina ta ja waya, ɓera yakan ci bawonta, masu gyaran hanya sukan danne ta. Sau da yawa asara takan fara ƙaruwa kafin zare ya tsinke, kuma lanƙwasa ta fi bayyana a 1550 fiye da 1310. Wanda ke da awon jiya shi ke gane cutar yau tun tana ƙarama.

6. Gargaɗi

Hasken aiki ido ba ya ganinsa, amma yana iya lahanta ido. Kada ku taɓa leƙa bakin zare. Idan kuka ga ruwa ya tone waya, ku sanar da hukuma. Babu tagulla a cikin zaren, yanke shi hasara ce ga kowa.

Aikin gida

1. Haske ya dawo bayan daƙiƙa 0.00012. A kilomita nawa karayar take?
2. Lissafa asarar layi mai kilomita 45, da gami 11 da majona 2, da hasken nanomita 1550.
3. Me ya sa ake adana awon ranar farko?