Alherin da Yake Horar da Almajiri

Karatun mako: Titus 2:1-14, Ayyukan Manzanni 11:19-26

Wanda yake zaune a Sakkwato ba ya bukatar a fassara masa kalmar almajiri. Asalinta daga Larabci ne, tana nufin wanda ya yi ƙaura, wato ya bar gida ya je ya zauna a gaban malami. Da aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a 1932, wannan kalma aka zaɓa wa masu bin Yesu, fassarar 1980 ma ba ta canja ta ba. Ka kawar da kwanon bara daga tunaninka, ka dubi allon. Yaro yana rubutawa, ya haddace, ya wanke, ya sake rubutawa, yau da gobe, shekara da shekaru. Ba a sauke karatu ranar da aka shiga makaranta.

A Sabon Alkawari sunan Kirista sau 3 kaɗai ya fito, almajiri kuwa ya fi sau 250. A Antakiya aka fara kiran almajirai Kirista, bayan Barnaba da Shawulu sun yi shekara guda cur suna koyar da ikilisiyar garin. Ga alama mutanen gari ne suka laƙaba musu sunan, domin sun ga zamansu da cinikinsu, sun ga kamannin wani a jikinsu. Mu kuwa da yawanmu sunan muka fara samu, daga iyaye ko daga takardar makaranta. Saura karatun.

Kada wannan ya sa ka ɗauka da ƙoƙarinka za ka sayi ceto. Afisawa 2:8-10 ta rufe wannan ƙofa: kyauta ce, ta wurin bangaskiya aka karɓe ta, ba mai abin fariya. Amma Bulus ya gaya wa Titus wani abu da ba mu cika jin wa'azinsa ba. Alherin nan da ya kawo ceto, shi ne kuma yake koya mana mu ƙi rashin tsoron Allah da sha'awace-sha'awacen duniya, mu zauna da kamun kai da gaskiya a wannan zamani. Kalmar da ya yi amfani da ita a Helenanci ta renon yaro ce, da gyara da tsawatarwa a cikinta. Alheri ya buɗe maka ƙofar makarantar ba ko sisi, shi ne kuma malamin da ka tarar a ciki.

A tsibirin Karita Bulus ya bar Titus, cikin mutanen da har wani nasu ya shaide su da ƙarya da ragwanci. Dubi abin da ya ce a koya musu. Dattawa su zama masu natsuwa, tsofaffin mata su bar tsegumi su koya wa matasan mata riƙon gida, samari su kame kansu. Da ya zo kan bayi sai ya ce kada su riƙa mayar da magana, kada su yi ɗauke-ɗauke, domin amincinsu ya ƙawata koyarwar Allah Mai Cetonmu. Bawa, wanda ba shi da ko ikon kansa, shi aka ce zai yi wa bishara ado.

To, kawo wannan cikin Babbar Kasuwa. Kai yaron shago ne, maigidanka ya tafi sallar azahar ya bar maka aljihun tebur a buɗe. Wataƙila bai taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba, wataƙila ba zai taɓa taka majami'a ba. Lissafin da zai yi da yamma shi ne wa'azin da zai ji daga gare ka. Ke 'yar'uwa mai awon hatsi, mudun da kike saye da shi, shi ne kike sayarwa da shi, ko akwai na biyu mai bugaggen gindi a ƙarƙashin buhu? Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana ajiye ma'auni biyu, babba da ƙarami, Karin Magana 11:1 kuma ta kira ma'aunin algus abin ƙyama ga Ubangiji. Ɗan kabu-kabu da ya ga baƙo ya sauka a tasha bai san gari ba, ma'aikacin da yake sa hannu a rajista ƙarfe takwas alhali goma ta wuce, duk aji ɗaya suke. Na san tsadar rayuwa ta kai inda ta kai, kuɗin mota da na makarantar yara ba sa jira. Amma naira ɗari biyun da ka tsakura ba za ta biya kuɗin haya ba, za ta dai rufe bakinka ranar da maigidan ya tambaye ka dalilin begen da kake da shi.

Sai bashi. A nan ne shaidar masu bi da yawa ta mutu, a hannun mai shagon unguwa da mai sayar da ruwa a kura. Zabura 37:21 ta sa mai ci bashi ya ƙi biya a layin mugaye, ba ta kuma ware wanda yake cikin ƙungiyar mawaƙa ba. Rashin abin biya ba zunubi ba ne. Sauya hanya don kada ku haɗu, da kashe waya in ya kira, wannan kam ba halin almajiri ba ne. Je ka same shi, ka faɗa masa gaskiya, ka sa rana, ka kai ko kaɗan ne.

Mu mutanen Fentikos ne, muna gode wa Allah saboda baftismar Ruhu Mai Tsarki da baye-bayensa, ba kuwa za mu ji kunyarsu ba. Sai dai ka tuna da Koranti. Bulus ya shaida cewa ba baiwar da suka rasa, amma a sura ta uku ya kira su jarirai masu shan nono, saboda kishi da jayayya. Baiwa tana iya sauka a dare ɗaya. 'Ya'yan Ruhu na Galatiyawa 5:22-23 kuwa sai da damina da rani suke nuna. Mutum yana iya kwana yana addu'a da harsuna ranar Juma'a, Asabar da safe ya zagi matarsa da harshen da kowa yake ji. Hausawa suna da sunan irin wannan: inuwar giginya, na nesa ka sha. A majami'a kowa ya san fara'arsa, a gida kuwa da an ji ƙarar babur ɗinsa sai yara su yi tsit. In kana so ka san inda karatunka ya kai, kada ka tambayi fasto. Tambayi wadda take dafa maka abinci.

Akwai darasin da ya fi waɗannan duka nauyi. Wanda yake garin nan a watan Mayu na 2022 bai manta ba. Ranar 12 ga wata aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, bayan kwana biyu aka taɓa shaguna da majami'u, gwamnati ta sa dokar hana fita. Fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan. Duk da haka wasunmu tun daga lokacin gaisuwarsu da maƙwabta ta zama ta fatar baki, yaranmu kuma suna jin abin da muke faɗa in an rufe ƙofa. Umarnin Yesu a Matiyu 5:44, na ƙaunar maƙiyi da yi wa mai tsananta mana addu'a, ba a ɗage shi saboda Sakkwato ba. Wannan bai hana neman adalci ba, domin Bulus kansa ya tsaya a kan 'yancinsa na ɗan ƙasar Roma sa'ad da za a yi masa bulala ba shari'a. Abin da aka hana shi ne ramuwa da riƙo. Istifanas ya roƙa wa masu jifansa gafara, cikin waɗanda suke tsaye a wurin kuwa har da saurayin da daga baya ya rubuta wasiƙar da muke nazari yau. Maƙwabcinka da ya aiko maka da naman layya ba shi ya yi maka laifi ba. Je ka yi masa barka in an yi haihuwa, ka zauna a tabarmar ta'aziyya in an yi rashi. Saƙon da ya shigo wayarka mai zagin addinin wani kuma, ya mutu a hannunka.

Ba mai iya wannan da ƙarfin kansa, shi ya sa almajiri ba ya nisa da malaminsa. Markus 1:35 ta nuna Yesu yana tashi tun da sauran duhu ya keɓe don addu'a. A garin nan ba ka bukatar agogo, kiran asuba zai tashe ka. Maimakon ka juya kana gunaguni, tashi kai ma ka buɗe Maganar kafin zafin rana da hayaniyar yara. Ka kuma nemi wani da ya riga ka cikin bangaskiya, wanda zai iya tambayarka maganar kuɗi da ta gida ba ka yi fushi ba. In kuwa ka faɗi, 1 Yahaya 1:9 tana nan, wanda ya dawo da Bitrus bayan musu uku bai gaji ba. A wanke allo a sake rubutu. Amma ka lura da Zakka na Yariko: da ceto ya shiga gidansa, aljihunsa ma ya ji, har ya ɗauki alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta riɓi huɗu.

Wasiƙar Titus ayoyi 46 ce kacal. Karanta ta duka a zama ɗaya cikin makon nan. Sa'an nan ka rubuta sunan mutum ɗaya da yake bin ka kuɗi, ko wanda ka daina gaisarwa, ka je wurinsa kafin Lahadi.

Addu'a: Ya Uba, ka san sunan da na rubuta, ka kuma san abin da ya sa ƙafata take nauyi. Ka ba ni ƙarfin Ruhunka in je, ka sa magana a bakina sa'ad da na isa. A cikin sunan Yesu. Amin.