Darasin lissafi: nauyin ruwa da kayan da jirgi yake iya ɗauka

Kowace damina gulbi yana kawo ruwa, tabkuna suna cika. Mutane suna ƙetare kogi a Gaya da Yamai, masunta suna shiga tabkin Madarunfa da na Tabalak. Wani lokaci jirgi yana nutsewa da mutane da dukiya, don kaya sun yi masa yawa. Wanda ya iya lissafi yana iya sanin iyakar jirgi tun yana bakin gaɓa. Darasin yau yana koya wannan lissafi. A karanta sannu sannu, a riƙe alli da allo.

Tushen lissafi

Abu uku ne za a hardace.

Na ɗaya: litir 1 na ruwa yana da nauyin kilo 1. Bido mai litir 25 yana ɗauke da kilo 25 na ruwa. Tono, wato duro, mai litir 200 yana ɗauke da kilo 200, daidai da buhu 2 na hatsi.

Na biyu: fili mai tsawon metir 1 da faɗin metir 1 sunansa metir murabba'i.

Na uku: in aka gina rami mai tsawon metir 1, faɗin metir 1, zurfin metir 1, yana cin litir 1000. Nauyin ruwan kilo 1000 ke nan. In ruwan ya tsaya a santimetir 10 kawai, litir 100 ne, wato kilo 100.

Kashi na fari: matsin ruwa

A samo dogon gwangwani. A huda shi da ƙusa wuri uku: bisa, tsaka da gindi. A toshe hudojin da yatsu, a cika shi da ruwa, sannan a saki. Ruwan hudar bisa yana fita a raunane. Na tsaka ya fi shi ƙarfi. Na gindi yana fita kamar kibiya.

Dalili shi ne ruwan bisa yana danne na ƙasa. Wannan danniya ita ake ce ma matsi. Matsi yana tura ƙasa, yana tura gefe, yana tura bisa. Zurfi ne yake ƙara shi, faɗi ba ya ƙara shi. Rijiya mai ruwa metir 3 da babban tabki mai zurfin metir 3, matsin gindinsu ɗaya ne.

Ga ƙa'ida: kowane metir na zurfi yana aza kilo 1000 bisa kowane metir murabba'i.

Lissafi na 1. Ruwan wata rijiya ya kai metir 3. Kilo nawa yake danne metir murabba'i na gindinta?
3 sau 1000, kilo 3000 ke nan. Nauyin buhu 30 ne.

Lissafi na 2. Ruwan wani baraj ya kai metir 6. A zurfin metir 1 yana tura bango da kilo 1000. A gindi yana tura shi da kilo 6000. Shi ya sa madatsun ruwa irin na Mozage, kusa da Birnin Ƙonni, da na Ibohaman suke da faɗi a gindi, suna tsukewa a bisa. Manomin da yake datse ruwa da ƙasa da duwatsu a gonarsa, shi ma ya faɗaɗa gindi. Wanda ya ga ruwa yana tsattsafowa daga gindin baraj, ya gaya ma masu kula da shi ran nan. Can ne ruwa ya fi ƙarfi, ƙaramar huda kuwa ba ta daɗewa tana ƙarama.

Akwai ƙaramin awo kuma. Santimetir murabba'i fili ne kamar faɗin farcen ƙaramin yatsa. Ruwa mai zurfin metir 10 yana aza kilo 1 bisa wannan ɗan fili. A metir 5, rabin kilo ne. Wannan matsi ne yake sa mai nutso ya ji kunnuwansa suna ciwo in ya yi ƙasa ƙwarai.

Lissafi na 3. Shato, wato tankin ruwa na bisa, ruwansa yana metir 15 bisa pampon da ke gindinsa. Matsi nawa ne a bakin pampon?
Metir 10 kilo 1, metir 5 rabin kilo. A tara: kilo 1 da rabi.
Wata unguwa tana bisa tudu mai tsawon metir 10. A ɗebe 10 daga 15, saura metir 5. Matsi a can rabin kilo ne kawai. Shi ya sa pampon tudu yake zuba kaɗan kaɗan, na kwari yana cika bido nan da nan. Kafin a yi faɗa da mai kula da pampo, a fara duba tudun.

Kashi na biyu: yadda ruwa yake tallabar abu

Duk mai jan ruwa a rijiya ya san wannan. Guga cike, in tana cikin ruwa, ba ta da nauyi. Da ta fito, sai igiya ta ci hannu. Ruwa ne yake tallabe da ita.

Ga yadda abin yake. Matsin da ke ƙarƙashin gugar ya fi wanda ke bisanta, don ƙasa ta fi zurfi. Na ƙasa yana turawa bisa, ya rinjayi na bisa. Bambancin nan ne yake rage nauyi.

Wani masani Bagirke mai suna Arshimed ya auna wannan. A birnin Sirakusa ya zauna, a tsibirin Sisili, ya mutu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa. Abin da ya gano har yau da shi maƙeran jiragen ruwa suke aiki. Ga shi a taƙaice: duk abin da ya shiga ruwa yana kore wani ruwa daga wurinsa, ruwa kuwa yana tura shi bisa da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da ya kore.

A gwada. A cika ƙwarya da ruwa har baki, a aza ta cikin daro. A saka dutse. Ruwan da ya zube cikin daro shi ne ruwan da dutsen ya kore. In litir 1 ne, dutsen ya rage nauyin kilo 1 a cikin ruwa.

To, wane abu ke nutsewa, wane ke tasowa? A gwada nauyinsa da na ruwa mai girmansa. Curin ƙarfe mai girman litir 1 ya kusa kilo 8, ruwa kuwa kilo 1 yake tallaba, sai ya nutse. Litir 1 na man gyaɗa bai cika kilo 1 ba, sai ya taso. Ƙwai mai kyau yana nutsewa. Wanda ya daɗe, iska ta yi yawa cikinsa, yana tasowa. Iri marar ƙwaya shi ma bisa yake tsayawa.

Lissafi na 4. Ƙusa tana nutsewa, amma daron ƙarfe yana yawo bisa ruwa. Daron yana cin litir 30, nauyinsa kilo 2. Kaya nawa zai ɗauka kafin ruwa ya kai bakinsa?
Yana iya kore litir 30, wato kilo 30. A ɗebe nauyinsa: 30 ba 2, saura kilo 28.

Lissafin jirgi

Lissafi na 5. Wani mai fito yana da jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi. Tsawonsa metir 6, faɗinsa metir 1, zurfinsa santimetir 50. Nauyinsa kilo 300.

Mataki na 1. Filin gindi: 6 sau 1, metir murabba'i 6.
Mataki na 2. In jirgin ya shige ruwa da santimetir 10, yana kore 6 sau 100, litir 600. Ke nan kowane kilo 600 yana nutsar da shi santimetir 10.
Mataki na 3. Mai jirgin yana son bakin ya tsaya santimetir 20 bisa ruwa, saboda iska da igiyar ruwa. 50 ba 20, saura 30. Santimetir 30 goma uku ne: 3 sau 600, kilo 1800.
Mataki na 4. A ɗebe nauyin jirgi: 1800 ba 300, saura kilo 1500. Iyakar kaya da mutane ke nan.
Mataki na 5. An loda buhu 10 na hatsi, kilo 1000. Saura kilo 500. In aka ɗauki kowane mutum a kilo 60, a raba 500 da 60: mutum 8, har da mai tuƙi.

Ranar kasuwa, magariba ta gabato, mutum 10 sun tsaya suna roƙo. In sun shiga, an ƙara 10 sau 60, kilo 600. Jirgin ya ƙara nutsewa da santimetir 10. Abin da ya rage tsakanin baki da ruwa bai kai tsawon tafin hannu da yatsu ba. Mutum biyu su karkata gefe guda, ruwa ya shiga. Kowane litir da ya shiga kuwa kilo 1 ne aka ƙara. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Gara a yi sawu biyu.

A lura: jirgi mai tsukakken kai da wutsiya bai kai wannan ɗauka ba, don ruwan da yake korewa bai kai haka ba. Hanya mai sauƙi ita ce a ja layi da fenti a jikin jirgi, ƙasa da baki. In ruwa ya taɓa layin, an gama lodi, ko wa ya zo.

Bido yana ceton rai

Bido mai litir 25, ba komi ciki, an ɗaure murfinsa tamau, nauyinsa kamar kilo 1 ne. Yana iya tallabar kilo 24. Wani zai ce ai mutum ya fi kilo 24. Gaskiya ne, amma jikin mutum ya kusa nauyin ruwa mai girmansa. Ruwa ya riga ya tallabi mafi yawansa, kilo kaɗan ake bukata don kai ya tsaya bisa. Da wannan dabara masunta suke hawa gora tun kaka da kakanni. Jirgin da babu rigunan ceto cikinsa, a aje bido rufaffu kusa da hannun mata da yara.

Tambayoyi

1. Ruwan rijiya ya kai metir 4. Kilo nawa yake aza ma metir murabba'i na gindi?
2. Shato yana metir 20 bisa pampo. Matsi nawa ne bisa santimetir murabba'i?
3. An ɗaure tono 4 rufaffu, kowane litir 200, nauyinsa kilo 20. An shimfiɗa katako mai kilo 120. Kaya nawa za su nutsar da su duka?
4. Jirgi mai tsawon metir 8 da faɗin metir 1, kilo nawa ke nutsar da shi santimetir 10?

A yi lissafi kafin a dubi amsa.

Amsa: 1, kilo 4000. 2, kilo 2. 3, 800 ba 200, kilo 600, amma mai hankali rabin haka zai loda. 4, kilo 800.

Malami ya kawo gwangwani da ƙwarya da daro a aji, kowa ya gwada da hannunsa. Wanda ya gane ya koya ma maƙwabcinsa, musamman mai jirgin garinsu.