Ƙofofin Fatar Fuska

Kowa ya san randar ƙasa. In aka cika ta da ruwa aka ajiye a inuwa, bayanta ya kan yi danshi, ruwan da ke ciki kuwa ya yi sanyi. Dalili shi ne jikin randa cike ya ke da 'yan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, ta tafi da zafi. To, fatar mutum ma haka ta ke.

Ƙofofin fata iri biyu ne. Na farko su ne ƙofofin gumi, waɗanda ke sanyaya jiki kamar randa. Mutum guda yana da su miliyan 2 zuwa 4. A shekarar 1684 wani likitan Ingila, Nehemiah Grew, ya duba yatsun hannu da madubin ƙara girma, ya ga ƙofofin nan jere kamar ramukan shuka a kan kunya. Na biyu su ne ƙofofin gashi. A gindin kowane gashi akwai wata 'yar jaka mai yin maiƙo, wanda ke hana fata bushewa. Irin waɗannan sun yi yawa a goshi da hanci da haɓa, shi ya sa wuraren nan ke ƙyalli da rana. Tafin hannu ba shi da su ko ɗaya.

A ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, fuska tana shan wahala sau biyu a shekara. Da hunturu, watau daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska na kawo ƙura daga Hamada. Yaron da ya bi gefen hanyar Kurfi zuwa makaranta sai ya isa fari fat, kamar wanda ya fito daga wurin sussuka. Da bazara kuwa, cikin Maris da Afrilu, gumi ya yi ta zuba. In ƙofofinsa suka toshe, sai ƙurajen zafi su feso a goshi da wuya.

Ƙofar gashi ma ta kan toshe. Kullum fata tana zubar da matacciyar saɓa. In saɓar ta haɗu da maiƙo, sai ta cushe ƙofar. Wani lokaci bakin ƙofar ya yi baƙin ɗigo. Wannan ba dauɗa ba ce, iska ce ta taɓa shi ya sake launi, kamar yadda goro ke yi in an ɓare shi an ajiye. In kuwa ƙwayoyin cuta suka yi yawa a ciki, sai wurin ya kumbura, ya tara ruwa. Wannan shi ne ƙurjin fuska. Ya fi fitowa sa'ad da yaro ko yarinya suka fara girma, domin a lokacin ne maiƙo ke ƙaruwa. Saboda haka ba abin kunya ba ne, bai kuma kamata a yi wa mai shi dariya ba.

Babban kuskure shi ne matsa ƙurji da farce, ko tsokane shi da allura ko ƙaya. Ƙurjin da aka ƙyale ya kan baje cikin 'yan kwanaki. Wanda aka matsa kuwa ya kan bar baƙin tabo na wata da watanni, wani ma ya bar rami har tsufa.

Yaro mai hankali ya kan wanke fuskarsa sau biyu a rana, da safe da kuma kafin ya kwanta, da ruwa mai tsabta da sabulu mara kaifi. Da tafin hannu ya ke wankewa a hankali, ba ya dirza da soso, domin dirza tana ƙara fusata fata. Ba ya goge fuska da gefen riga mai ƙura, ba ya kuma aron tawul ɗin wani. Da hunturu ya shafa mai kaɗan, kada ya laɓta. Man da ke sa fata fari kuwa, ya guje shi, gama yana lalata fata. In ƙuraje suka yi yawa, ko suna ciwo, sai ya gaya wa iyayensa su kai shi asibiti. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ya sa ruwan randa ke yin sanyi?
2. Ƙofofin fata iri nawa ne? Mene ne aikin kowanne?
3. Me ke sa bakin ƙofar da ta toshe ya yi baƙi?
4. Don me ba a son matsa ƙurji?