Yadda Ake Ɗaga Ƙaramar Mota da Kuɗi Kaɗan

Duk mai ƙaramar mota a cikin birnin Kano ya san ƙarar nan. Ka zo haye kwatar bakin lungu, ko tudun da 'yan unguwa suka gina don rage gudu, sai ka ji ƙuu, cikin mota ya gogi ƙasa. Idan damina ta kankama a watan Agusta, ko biki ya kai ka ƙauyen da hanyarsa burji ce da yashi, abin sai ya fi haka muni. Maganin da aka saba yi shi ne a ɗaga motar, kuma ba ya cin kuɗi sosai. Sharaɗin kawai shi ne kada a zarce: santimita 2 zuwa 3 sun ishi Golf ko Corolla.

Fara da awo. Ajiye motar a daɓe mai daidai, but babu kaya, ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin bodin da ke saman taya, ƙafa huɗun duka, ka rubuta. Yawancin motocinmu Beljiyam ne, sun sha aiki a Turai ko Amurka kafin su iso, nan kuma muka ɗora musu buhunan hatsi da iyali gaba ɗaya. Idan baya ya fi gaba zama, ko gefe ɗaya ya karkata, to sifirin ne ya gaji ya kwanta. Sau da yawa canza shi kaɗai yakan dawo da tsayin da mota ta rasa, ka ga an huta da sauran aikin.

In sayayya ta kama, Kasuwar Ƙofar Ruwa za ka nufa, kai da bakanikenka, da tsohon sifirin a hannu. Jera shi da wanda aka miƙo maka, ka duba kaurin ƙarfen, da faɗinsa, da yawan zagayensa. Biyu-biyu ake saye, na dama da na hagu tare. Shokozobar da ke tsattsafo da mai kuwa, ko nawa aka rage maka, bar ta a shagon.

Idan sifirin lafiyarsa ƙalau, sai a koma ga zoben ɗagawa. Wani faifai ne mai kauri, na alminiyam ko roba mai tauri, da ake sa shi tsakanin kan shokozoba da bodi, ko a mazaunin sifirin, gwargwadon ƙirar motar. Kauri ɗaya za a sa gaba da baya, sai dai mai yawan ɗaukar kaya yana iya ƙara wa baya kaɗan. A tabbata kusoshin sama suna da tsawon da noti zai kama sosai bayan an sa zoben. In sun gaza, a canza su da dogaye masu ƙarfi. Akwai masu cusa guntun tsohuwar taya ko katako tsakanin zagayen sifirin, akwai kuma masu yanka shokozoba su ƙara mata tsawo da walda. Kada ka yarda. Arha ce wadda ba ta ado, domin waldar nan a kan gudu take karyewa, ba a gareji ba.

Me ya sa na dage a kan santimita 3? Waɗannan motoci tayoyin gaba ne ke jansu, ta hanyar shaf biyu da ke fitowa daga giya. Duk yadda ka ɗaga bodi, haka shaf ke ƙara karkata. In karkatar ta yi yawa, robarsa ta yage, giris ya zube, yashi ya shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas duk lokacin da ka karya kwana. Kuɗin da ka yi tattali ya tafi ke nan. Ga shi kuma mota mai tsayi ta fi rangaji a kwana, abin da za ka gane da kanka ran da ka hau titin Zariya.

Wajen aikin, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. In za a raba sifirin da shokozoba, da ƙarfen matse sifirin ake yi, ba da igiya ba, don in ya kuɓuce yana iya raunata mutum. Notocin da ke da roba a hannun ƙafa kuma, sai an sauke mota ta zauna da nauyinta ake ƙarasa ɗaure su.

Kafin a sauke ta, a juya sitiyari iyaka dama, iyaka hagu, a duba tiyon birki da wayar ABS ba su miƙe tsam ba. Daga gareji sai wurin alaimen kai tsaye, in ba haka ba taya za ta cinye ta gefe ɗaya.

Taya ma tana ƙara tsayi. Wanda ke kan 195/65 R15, in ya koma 195/70 R15, ya samu kusan santimita 1, amma allon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya da kimanin kashi 3 cikin 100, kuma sai an duba ba ta gogar bodi. Ni dai a ganina, abin da ya fi duk waɗannan amfani shi ne farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 a ƙarƙashin inji, wanda zai kare kaskon baƙin mai daga dutse. Mai walda zai yanka maka shi. A ɗaure shi da noti, a bar ƙofar juye mai, kuma kada ya taɓa salansa.

Bayan mako guda ka koma gareji a sake bin notocin, ka kuma sake awon nan na farko ka gwada da abin da ka rubuta.