NAUYIN JIKI DA TIYATAR SANKARAR HANYAR MAƊACIYA

An shirya wannan darasi domin jama'a baki ɗaya, musamman 'yan'uwanmu mazauna unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu, waɗanda neman abinci ya nisanta su da gida. Manufarsa ita ce a gane cewa ƙarfin da majiyyaci ya shiga ɗakin tiyata da shi, shi ne jarin da zai warke da shi.

1. Mece ce wannan cuta?

Hanta tana yin ruwan maɗaciya kimanin rabin lita ko fiye a kowace rana. Ruwan nan yana bin wasu siraran hanyoyi zuwa hanji, inda yake taimakawa wajen narkar da maiƙo. Sankara, watau ciwon daji, takan tsiro a cikin hanyoyin nan ta toshe su. Daga nan sai ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya dinga ƙaiƙayi, mutum ya yi ta ramewa. Ba kowace shawara ce sankara ba. Amma shawarar da ta zo wa magidanci ko dattijuwa tare da rama, lalle ne a kai ta asibiti a ɗauki hoton ciki.

2. Girman aikin

Yanke ciwon tun bai yaɗu ba, shi ne babbar hanyar warkewa. Idan yana kusa da hanta, akan cire shi tare da wani sashe nata. Idan kuwa yana can ƙasa kusa da hanji, akan yi aikin da ake kira da sunan Allen Whipple, likitan Amurka da ya bayyana shi a 1935. Kowanne daga cikinsu aiki ne na sa'o'i da yawa. Bayan an gama, wajibi ne ɗinki ya kama, sauran hanta kuma ta sake tofo. Jiki ba ya iya wannan sai da guzuri. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

3. Yadda ake auna nauyi

A ninka tsawon mutum a mita da kansa, kana a raba nauyinsa a kilo da abin da aka samu. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 18.5 rama ce, 18.5 zuwa 24.9 daidai ne. 25 zuwa 29.9 nauyi ya soma yawa. 30 zuwa sama ƙiba ce. Alal misali, mai tsawon mita 1.70 idan yana da kilo 65, yana daidai. Idan ya sauko 53 ya rame, idan ya kai 87 ya yi ƙiba.

4. Haɗarin rama

Wannan shi ne haɗarin da ya fi samun masu cutar. Toshewar maɗaciya tana kashe sha'awar abinci, tana hana jiki cin moriyar maiƙo da sinadarin bitamin K mai sa jini ya daskare. Ramamme yakan fi fama da ruɓewar rauni, da warwarewar ɗinki, da daɗewa a gadon asibiti. Likitoci suna ɗaukar wanda ya rasa fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a wata 6 a matsayin mai babban haɗari. Irin wannan akan ba shi abinci na musamman kwana 7 zuwa 14 kafin aiki. Wani lokaci kuma akan sa ɗan bututu a buɗe hanyar da ta toshe.

5. Haɗarin ƙiba

Mai ƙiba ma ba a barranta yake ba. Kitse yana wahalar da mai fiɗa, yana tsawaita aiki, yana jawo ruɓewar rauni da ciwon huhu da daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa. Hantar da kitse ya lulluɓe ba ta saurin tofowa. Sau da yawa kuma ƙiba tana ɓoye zubewar tsoka, a ga mutum da teɓa alhali ƙarfinsa ya ƙare. Saboda haka kada mai ƙiba ya shiga horon yunwa gab da aiki, domin tsoka zai rasa.

6. Abin da ya kamata a yi

(a) Kada a ɓata makonni ana jiƙe-jiƙe, ko ana jiran kaya su ƙare kafin a bi mota zuwa gida. Akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Fatakwal, da na Jami'ar Nijeriya a Ituku-Ozalla kusa da Inugu, da na Jami'ar Nnamdi Azikiwe a Nnewi kusa da Anacha. A fara da su, in da bukata za su tura majiyyaci gaba.

(b) A hau sikeli mako-mako, a rubuta, a nuna wa likita.

(c) A bar al'adar hana mai shawara nama da ƙwai, sai fa in likita ne ya hana. A ba shi wake, ƙwai, kifi, nono da kunun gyaɗa, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini.

(d) A daina shan taba aƙalla mako 4 kafin aiki, a riƙa ɗan tattaki kullum, mai ciwon sukari kuma ya daidaita shi.

(e) A gaya wa likita duk wani maganin gargajiya da aka sha, domin wasunsu suna ƙara wa hanta wahala.

Baƙo marar iyali a kusa ya fi kowa saurin ramewa, don ba shi da mai dafa masa. Muna kira ga sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin 'yan kasuwa na garuruwan nan da su naɗa wanda zai riƙa kai wa irin wannan majiyyaci abinci, ya raka shi asibiti. Wannan taimako ne da kowa zai iya.

Tambayoyi domin bita

1. Waɗanne alamu ne ke nuna hanyar maɗaciya ta toshe?
2. Mutum mai kilo 70 ya koma 62 a wata 6. Yana cikin haɗari?
3. Don me aka hana mai ƙiba horon yunwa gab da tiyata?